Nas a Gidan Soja: Ta Difo Za a Shiga Ko Ta Ƙofar Hafsoshi?

Duk lokacin da sanarwar ɗaukar soja ta fito, sai ka ji ɗaliban jinya a Katsina da iyayensu suna ta ja-in-ja a kan abu ɗaya: a shiga ko kada a shiga. A ganina an tsallake tambayar da ta fi wannan nauyi. Gidan soja ƙofa biyu ya buɗe wa ma'aikacin jinya, ta difo, wato sansanin horar da kurata, da ta hafsoshi, kuma ba ranar cike fom ake zaɓar wadda za a bi ba. Takardar da ke hannunka ta riga ta zaɓa maka tun shekarun baya. Mutum biyu za su iya zama gwanaye a aiki iri ɗaya, su nemo jijiya a hannun yaron da zawo ya tsotse, su wanke ciwo, su kwana a kan mara lafiya, amma ɗaya ya shiga da anini a kafaɗa, ɗayan ya shiga kurtu. Daga ranar, na biyun ne zai riƙa sara wa na farko, ko da ya girme shi a shekaru da sanin aiki.

Ba abin mamaki ba ne da sha'awar ta ƙaru a jihar nan. Tun da aka buɗe babban asibitin sojan sama a Daura a 2019, mutanen gari suke zuwa ganin likita can, suna ganin nas-nas cikin kaki. Ga Birged ta 17 a Katsina, ga Bataliya ta 35 a Natsinta, ga ta 171 a Daura. Yaro ya ga tsafta da tsari da albashin da ba ya makara, dole ransa ya biya. Abin da ba ya gani shi ne hanyar da kowannensu ya biyo.

Wane ne nas a wajen soja?

Sai an fara share wannan, domin a nan da yawa ke faɗuwa. A ƙauyukanmu duk wanda ya sa farar riga ya yi allura, nas ne ko ma likita. A takarda ba haka ba ne. Nas shi ne wanda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta yi wa rajista ta ba shi lasisi, wato mai RN. Ungozoma mai cikakkiyar rajista ita ce mai RM. Wanda ya gama makarantar koyon aikin lafiya ta Daura ko ta Kankiya ya fito da CHEW ma'aikacin lafiyar al'umma ne. Aikinsa na da daraja, kuma shi ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocinmu, amma hukumar da ke masa rajista daban ce, kuma ba zai cike gurbin nas ba. Haka wadda ta yi gajeren kwas na ungozomar karkara, lasisinta bai kai RN ba. Soja na ɗaukar wasu daga cikin waɗannan a wasu guraben kiwon lafiya, sai dai ba da sunan nas ba.

Tushen duka ɗaya ne: kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Daga nan hanya ke rabuwa. Akwai tsohon tsarin makarantar jinya na shekara 3, wanda ya yaye yawancin nas-nas ɗin da ke asibitocin jihar nan. Akwai sabon tsarin da kwalejojin jinya suka koma, na ND da HND, shekara 4, ta hannun JAMB. Sai digirin jinya na jami'a, shekara 5, irin wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, a biyo shi da shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa.

Ƙofar difo

Mai RN kaɗai, ba digiri, ƙofar da ta fi buɗe masa ita ce ta kurata. Sojan ƙasa na raba masu nema gida biyu: marasa sana'a, 'yan shekara 18 zuwa 22, da masu sana'a, waɗanda ake ɗaga wa ƙafa zuwa 26. Nas na cikin masu sana'a. Sharaɗi ne mutum ya kasance bai yi aure ba. In an ci tantancewa sai difo, irin na Zariya, kimanin wata 6.

Kada wani ya ɗauka don yana da lasisin jinya za a sassauta masa. A difo babu nas, babu makanike, babu direba, kowa kurtu ne. Aski tas, tashi tun kafin kiran assalatu, gudu, fareti cikin rana, kwance bindiga da haɗa ta, tsallen kwaɗo in ka yi laifi ko in na kusa da kai ya yi. Mai ba da horon wataƙila sakandare kawai ya gama, kuma shi ne sama da kai. Wanda ya saba a asibiti ana ce masa "Malam, don Allah duba mana", nan zai ji an kira shi da lamba.

Ribar wannan ƙofa a fili take. Da wuri ake shiga, ɗan shekara 21 ko 22 ya fara karɓar albashi, ya fara tara shekarun aiki, ya ɗauke wa mahaifinsa nauyi. Ba ya buƙatar kuɗin jami'a na shekara 5, ba ya jiran bautar ƙasa. Guraben kurata kuma sun fi na hafsoshi yawa nesa ba kusa ba, ana kuma raba su jiha-jiha, don haka ɗan Katsina da 'yan Katsina yake takara.

Tsadarta kuwa ba ta bayyana sai an daɗe. Ko da an ba shi wani ɗan fifiko saboda takardarsa, cikin sahun ƙananan sojoji yake, kuma tsaninsa shi ne las kofur, kofur, saje, har zuwa samanja. Bambancin hafsa da ƙaramin soja ba a albashi kawai ya tsaya ba. Gidajensu a bariki daban, wurin cin abinci da hutawarsu daban, hatta ƙungiyar matan hafsoshi daban take da ta matan ƙananan sojoji. A cikin asibiti ma haka. Ka ɗauki dare ɗaya a ɗakin 'yan haɗari: an kawo soja da harbi a cinya, saje mai shekara 15 a aiki shi ya ɗaure jijiyar, shi ya sa ruwa a hannu biyu, shi ya lura numfashi ya fara canzawa. Laftanar ɗin da ta fito daga horo bara tana gefensa, tana koyo a wajensa in tana da hankali. Amma ita ce shugabar ɗakin, ita ke tsara wa zai yi dare wa zai yi rana, ita ke rubuta rahoton da ƙarin girmansa ya rataya a kai. Akwai mutanen da wannan ba ya damunsu ko kaɗan, suna aikinsu cikin mutunci har su yi ritaya. Akwai kuma waɗanda abin ke ci musu rai kullum. Ya kamata mutum ya san wane iri ne shi tun kafin ya sa hannu.

Ƙofar hafsoshi

Ita ce ake kira DSSC (Direct Short Service Commission), hanyar da soja ke ɗaukar waɗanda suka riga suka ƙware a wani fanni, likitoci, injiniyoyi, lauyoyi, malamai, nas-nas, a ba su horon soja a ɗaura musu anini. Abin da ake nema shi ne digiri wanda bai gaza mataki na biyu ƙarami (Second Class Lower) ba, rajistar hukumar jinya da lasisi mai rai, da takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa. Horon sojan ƙasa a Jaji ake yi, wata 6 ko abin da ya yi kusa da haka, mutum ya fito laftanar. Na sojan sama a Kaduna, na ruwa a Onne ta Jihar Ribas, kowanne da muƙamin da ya yi daidai da wannan.

Shi ma horon ba wasa ba ne, ana gudu ana birgima a taɓo. Bambancin shi ne abin da ake shirya ka ka zama. Kurtu ana koya masa bin umarni, hafsa ana koya masa bi da kuma bayarwa. Nas hafsa zai riƙe ɗaki, daga baya ya riƙe sashen jinya na asibiti guda, ya koyar a makarantar soja, a tura shi kwas. Tsaninsa kyaftin, manjo, laftanar kanar, zuwa sama.

Sunan tsarin na nufin aikin wa'adi ne, kuma mutane ba su cika lura da wannan ba. A sojan ƙasa wa'adin shekara 15 ne, 8 na farko a dunƙule, sauran 7 ana sabuntawa shekara-shekara. Mai son zama dindindin sai ya nemi a mayar da shi cikakken hafsa bayan ya yi shekara 3, kuma nema ne, ba a ce dole a ba shi ba.

Mai HND na jinya fa? Sharaɗin gaba ɗaya na DSSC kan ce digiri ko HND. Amma sashen lafiya na da nasa layin a cikin sanarwa, kuma abin da aka fi rubutawa a gaban gurbin nas shi ne digirin jinya. Don haka kada mai HND ya tsaya a shafin farko ya yi murna, ya gangara ya karanta layin da ya shafe shi a sanarwar wannan shekarar, ta wannan rundunar. Sojan ƙasa da na sama da na ruwa ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba, kuma sharuɗɗan kan motsa daga shekara zuwa shekara. Wanda tun farko ya san hafsa yake son zama, digiri ne hanyar da ba ta da gardama.

Matsalar wannan ƙofa ƙunci. Guraben kaɗan ne, masu nema dubbai, kuma kason jiha ba na nas-nas kaɗai ba ne, da likita da injiniya da mai digirin lissafi duk ciki. Za ka iya cika kowane sharaɗi ka nema sau biyu sau uku ba ka samu ba.

Lissafin shekaru

Nan ne zaɓin yake zama na gaske, domin ƙofofin biyu suna rufewa, kuma ba lokaci ɗaya ba. A ce yarinya ta gama sakandare tana 18. In ta bi makarantar jinya, tana 21 ko 22 ta riƙe RN, tana da shekara 4 ko 5 kafin ƙofar difo ta rufe a 26. In ta bi jami'a kuma ta samu gurbi a shekarar farko, abin da ba kowa ke samu ba a fannin jinya, za ta gama tana 23, sanin makamar aiki 24, bautar ƙasa 25. Ƙara da yajin aikin malaman jami'a, wanda a 2020 ya ci wata 9, a 2022 ya ci wata 8, sai ka ga 26 ko 27. Iyakar shekarun DSSC ga wanda ba babban likita ba tana yawo ne a wajajen 30, sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, gwargwadon runduna da shekara. Ke nan mai digiri na da damar nema 'yan lokuta, amma ta riga ta yi bankwana da difo. In ba ta samu ba, ta rasa soja gaba ɗaya, sai dai tana da digirin jinya a hannu, wanda ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai hanyar tsakiya da mutanenmu da yawa ke bi: a yi RN tukuna, a kama aiki, sannan a shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, ko a yi digirin ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ko karatun nesa na Jami'ar Ahmadu Bello. Hanya ce mai kyau ga wanda gidansu ba ƙarfi, domin yana karatu yana samun na sabulu. Amma a kula da abu ɗaya. Wanda ya yi karatun da ba na cikakken lokaci ba, ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi, kuma ita daban take da takardar yafewa da ake ba wanda ya haura 30 kafin ya gama. Tun kafin a biya kuɗin rajista, a bincika ko rundunar da ake hari tana karɓar irin wannan takarda.

Sai masu cewa, "Bari in shiga ta difo, in na shiga na yi karatu na zama hafsa daga ciki." Ana yi. Soja mai digiri na iya neman DSSC yana cikin aiki, akwai kuma hanyar da ake ɗaga tsofaffin ƙananan sojoji zuwa hafsoshi. Amma komai sai da izini: izinin tafiya karatu, amincewar kwamanda, gurbi, da shekarun da ba su wuce ba. Wanda aka tura daji ba shi da ta cewa a kan jadawalin jarrabawarsa. Ni dai ba zan ba ɗana shawara ya gina rayuwarsa a kan wannan ba. In ta zo, alhamdu lillahi.

Kuskure biyu kuma da ke yawo a gari. Na farko, cewa wanda ya shiga Kwalejin Jinya ta Sojan Ƙasa da ke Yaba a Legas, ko ta sojan sama da ke Kaduna, ya zama soja. A'a. Suna ɗaukar farar hula, su karantar da su, su fito da takardar jinya kamar kowa, kuma mai son kaki sai ya sake nema daga farko. Na biyu, cewa ana iya karanta jinya a NDA. Makarantar hafsoshi ce ta yaƙi, ba ta da sashen jinya.

Abin da ƙofofin biyu suka haɗu a kai

Wani dattijo a Daura ya taɓa tambayata, "Malam, ita wannan ɗiyar tawa in ta shiga, a asibitin nan namu za su bar ta ko?" Na ce, "Alhaji, in an bar ta nan, sa'a ce. Ranar da ta sa hannu, ta yarda a kai ta duk inda aka ga dama." Ya yi shiru, ya ce, "To, ashe da sauran magana."

Da sauran magana kam. Ko hafsa ko kurtu, soja ne kafin ya zama nas. Yau yana Asibitin Soja na 44 a Kaduna ko na 68 a Yaba, inda akwai manyan likitoci da kayan aiki, gobe takarda ta fito a tura shi Maiduguri, ko wani sansani a dajin Zamfara inda shi kaɗai ne mai sanin magani a cikin mutum ɗari. Can babu likitan da zai kira. Shi zai tsayar da jini, ya buɗe hanyar numfashi, ya yanke shawarar wa za a fara ɗauka in mota ɗaya ce masu rauni huɗu. Ƙaramin soja ya fi yawan samun kansa a irin wannan wuri, amma hafsa ma bai tsira ba. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta ba ma'aikatan lafiya na soja kariya, ta yarda su riƙe ƙaramin makami don kare kansu da majinyatansu, ta kuma wajabta musu jinyar abokin gaba in ya faɗo hannunsu da rauni. Sai dai ɗan bindigar daji da ɗan Boko Haram ba su sa hannu a kan wata yarjejeniya ba.

A ɗaya gefen, ƙwarewar da ake samu a wannan aiki ba a samunta a babban asibitin gari. Akwai kuma aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasashen waje, irin wanda sojojin Najeriya suka yi a Laberiya da Darfur da Mali, inda ma'aikatan lafiya kan samu alawus mai kauri da gogewa.

Sannan doka. Nas na gwamnatin jiha yana da ƙungiya, yana yajin aiki, in ya gaji ya rubuta takardar ajiye aiki ya nufi Saudiyya ko Ingila. Soja ba shi da ƙungiya, ba ya yajin aiki, ba ya barin aiki sai an amince masa, in kuma ya tafi ba izini kotun soja ce ke jiransa. Hutu sai an ba shi fas, ko da rasuwa aka yi a gida. A madadin haka yana da albashi a tsarin soja, da muhalli a bariki, da kula da lafiyar iyalinsa, da makarantun 'ya'yan soja, da fansho wanda ba ya cikin tsarin adashen da sauran ma'aikata ke ciki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mai burin fita waje aiki nan da shekara 3 ko 4 kada ma ya fara.

Zaɓen runduna bai kai zaɓen ƙofa nauyi ba. Sojan ƙasa ya fi yawan gurabe da yawan asibitoci, ya kuma fi kai mutum daji. Sojan sama ƙarami ne, yana da asibitoci a Daura da Kano da Kaduna, ga fannin kwaso majinyata ta jirgi. Sojan ruwa yawancin wurarensa a Kudu suke, Legas, Fatakwal, Kalaba, kuma sai an yi iyo.

Ga mata musamman

Yawancin masu karatun jinya a jihar nan mata ne, kuma lissafinsu ya fi na maza wuya. Ƙofar difo na son wadda ba ta yi aure ba, ana gwajin ciki a tantancewa, kuma sabon soja ba ya aure sai ya yi shekara 3 a aiki ya nemi izini. Yarinyar da ta shiga tana 22 ke nan sai 25 ko 26. A gidajen Katsina da yawa wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar, kuma gara a yi ta a fili tun yanzu da a yi ta bayan an sa rana. Sannan mijin da za ta aura sai ya yarda cewa ba shi ke cewa ga garin da za ta zauna ba. Maganar sutura ma a yi ta: kayan horo da na fareti hukuma ke tsara su, ba mai sawa ba. Wadda abin ya dama ta nemi mace Musulma da ke cikin aikin ta tambaye ta yadda take yi a wajen horo da kuma a asibiti, kada ta dogara da labarin shayi.

Ba don in kashe wa kowa gwiwa na faɗi wannan ba. Matan sojoji da 'ya'yansu a bariki suna buƙatar nas da ungozoma mai jin Hausa, haka matan ƙauyukan da soja ke kai wa magani kyauta. Ga mace, ƙofar hafsoshi ta fi sauƙin haɗawa da rayuwar iyali, domin tana shiga da shekarunta da muƙamin da zai sa a saurare ta.

Akwai kuma hanya ta uku da ba a cika ambata ba. Ba duk nas ɗin da ke asibitin soja ne soja ba. Akwai farar hula da Ma'aikatar Tsaro ke ɗauka, akwai masu bautar ƙasa da ake turawa can. Wanda tsarin wurin ne ya burge shi, ba kakin ba, wannan ta ishe shi. Mai digiri da ya samu yin bautar ƙasa a asibitin bariki ya samu shekara guda ta kallon abin da idonsa kafin ya yanke hukunci. Kada kuma a ɗauka farar riga ita ce zaman lafiya. Nas ɗin da aka tura Batsari ko Jibiya ko Faskari ya san abin da ake ciki, shi kuma ba mai gadinsa.

Kafin a kashe ko sisi

Abu na farko, awon tsawo. Sojan ƙasa na neman mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace, na sama ya ɗan sassauta kaɗan. A cire takalmi da ɗankwali, a jingina da bango, diddige a haɗe, a ɗora littafi a kai a ja layi, a kawo tef ɗin tela a auna. Mata da yawa ba su kai 1.65 ba, kuma a filin tantancewa ba a duba darajar digiri in sandar awo ta ce a'a. Abin takaici ne mutum ya yi shekara 7 yana shiri santimita 2 ta mayar da shi gida. Haka gwajin lafiya: ido, hawan jini, ciwon hanta, shafaffen tafin ƙafa, tsohon karaya, zanen tatu. Mai karatun jinya ya fi kowa sanin inda zai duba kansa.

Na biyu, takardu. Sunan da ke kan sakamakon sakandare, da lambar NIN, da BVN, da lasisin jinya, da takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, su zama iri ɗaya harafi da harafi, haka ranar haihuwa. Mu nan mun saba yau Muhammad gobe Mohammed, yau sunan uba gobe sunan gari. A gyara tun babu sanarwa, domin in ta fito makonni kaɗan ake bayarwa. Neman kuma kyauta ne, ta shafin rundunar a intanet. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi yana da wani kanar a Abuja, ɓarawo ne, ko da ɗan unguwa ne.

Ga wanda ke ajin ƙarshe na sakandare, ko yake shirin JAMB, kuma gidansu za su iya ɗaukar nauyin shekara 5, shawarata ba ta da kwana: ya yi digiri, ya nemi ƙofar hafsoshi. In ya samu ya shiga da daraja, in bai samu ba bai yi asarar komai ba. Wanda kuma ya riga ya riƙe RN yana 21 ko 22, gida na jiransa, jikinsa na da ƙarfi, kuma ya tabbata sara wa wanda ya girma ba zai hana shi barci ba, difo hanya ce ta halak, mutane sun bi sun rufa wa kansu asiri.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai RN ɗan shekara 24 ko 25. Difo saura masa shekara ɗaya ko biyu. Digiri kuma in ya fara yau, shekara 4 ne, ga abin da zai biyo baya, zai fito yana goshin 30, daidai inda ɗaya ƙofar ke rufewa. Ba zai iya riƙe biyun ba. In ni ne kawunsa, zan zaunar da shi in tambaye shi: kakin kake so ko aninin? In kaki ne, ya cike fom ɗin kurata na bana, kada ya jira na baɗi. In anini ne, ya nemi shiga jami'a a wannan zangon, ta cikakken lokaci, ya kuma sa a ransa cewa wataƙila sau ɗaya tak zai samu damar nema kafin shekaru su fitar da shi.